Daga Kano zuwa Mai Wurno: Nisan Hanya da Tsawon Lokacin Tafiya

1.0 Gabatarwa

Idan mutum ya bi gaɓar kogin Nilu Shuɗi a ƙasar Sudan, ya tashi daga Wad Madani ya yi kudu zuwa Sinnar da Mai Wurno da Sinja har Damazin, zai tarar da unguwanni da ƙauyuka inda ake magana da Hausa a gida da kasuwa. Kakannin mutanen nan sun fito ne daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram da sauran sassan ƙasar Hausa, kuma da yawa daga cikinsu niyyar aikin hajji ce ta fito da su. Tafiyar da ta ci wa kaka shekara uku ko fiye, jikansa yana iya yin mafi yawanta cikin jirgin sama tsakanin hantsi da la'asar.

Wannan takarda za ta yi bayani a kan abubuwa biyu da ɗalibai kan haɗa wuri ɗaya, wato nisan hanya da tsawon lokacin tafiya. Za a nuna yadda ake auna kowannensu, da dalilin da ya sa nisa yake nan yadda yake, amma lokaci yana raguwa, wani sa'in kuma ya ƙaru. Misalin da za a yi amfani da shi shi ne tafiya daga Kano zuwa ƙauyukan Hausawa na Jazira da Nilu Shuɗi.

2.0 Kalmomin nisa da lokaci

Bahaushen da can da lokaci yake auna nisa. Idan aka tambaye shi tsakanin gari kaza da gari kaza, sai ya ce tafiyar yini ce, ko tafiyar kwana uku ce, ko zango biyar ne. Kalmar zango tana nufin wurin da ayari yake yada kaya ya kwana, tana kuma nufin tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. Ke nan a kalma ɗaya an haɗa wuri da nisa da lokaci. Wannan awo ya yi daidai da zamaninsa, domin kowa da ƙafa ko jaki ko raƙumi yake tafiya, saurin matafiya kuma bai bambanta sosai ba.

Da mota da jiragen zamani suka zo, sai tilas aka raba awon gida biyu. Aka aro mil da kilomita don nisa, aka aro awa da minti don lokaci. Kalmar sa'a, wadda ta zo daga Larabci, ita ma ana amfani da ita a ma'anar awa. Ita kuwa kalmar jirgi tsohuwa ce, asalinta abin hawa a ruwa, sai aka faɗaɗa ta aka sami jirgin ƙasa da jirgin sama. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa Hausawan Nijeriya daga Ingilishi suka fi aron sunayen sababbin abubuwa, na Nijar daga Faransanci, na Sudan kuwa daga Larabci. Al-Amin Abu-Manga ya yi nazarin wannan tasiri na Larabci a littafinsa Hausa in the Sudan, wanda ya fito a 1999.

3.0 Yadda ake auna nisan jirgin sama

Duniya dunƙulalliya ce, kewayenta kimanin kilomita 40,000. Masana sun raba wannan kewaye zuwa digiri 360, saboda haka kowane digiri ɗaya ya kama kimanin kilomita 111. Ana bayyana matsayin kowane gari da lambobi biyu: digirinsa arewa ko kudu da layin Ikwaita, da kuma digirinsa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic a Landan.

Kano tana kan digiri 12 arewa da digiri 8 da rabi gabas. Hartum, babban birnin Sudan, tana kan digiri 15 da rabi arewa da digiri 32 da rabi gabas. Tsakaninsu ke nan akwai digiri 24 daga yamma zuwa gabas, da digiri 3 da rabi daga kudu zuwa arewa. Hanya mafi sauƙi ta gane nisan ita ce a sami dunƙulalliyar taswirar duniya, a ɗora bakin zare a kan Kano, a ja shi ya miƙe zuwa Hartum. Inda zaren ya bi, nan ce hanya mafi gajarta, ita ake nufi idan aka ce nisan jirgin sama. Ga abin da lissafi yake bayarwa, a kimance:

Kano zuwa Njamena: kilomita 700
Njamena zuwa Hartum: kilomita 1,900
Kano zuwa Hartum: kilomita 2,600
Kano zuwa Mai Wurno: kilomita 2,700
Sakkwato zuwa Mai Wurno: kilomita 3,100
Hartum zuwa Jidda: kilomita 960
Kano zuwa Jidda: kilomita 3,400

Don kwatance, tsakanin Landan da Istanbul kilomita 2,500 ne. Ashe Kano zuwa Hartum ta ɗan fi wannan tsawo.

Akwai wani abin lura a cikin waɗannan lambobi. Sakkwato da Mai Wurno duka a kan digiri 13 arewa suke. Wanda ya tashi daga Sakkwato ya fuskanci gabas sosai bai karkata ba, kusa da Mai Wurno zai iske kogin Nilu Shuɗi. Wannan ya sa yanayin wuraren biyu ya yi kama: damina gajeriya, rani mai tsawo, ana noman dawa da gero. Matafiyi bai shiga hamada sosai ba, bai kuma shiga kurmi ba, aikin gonar da ya iya a gida kuma shi zai ciyar da shi a duk inda ya sauka.

4.0 Tafiyar ƙasa

Hanyar alhazai ta ƙasa takan tashi daga Kano ta bi ta Barno, ta tsallaka zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yau, sannan Abeshe a ƙasar Wadai, sai Jinena da Fashir ko Nyala a Darfur, sai Ubayyid a Kurdufan, har ta iso kogin Nilu. Daga nan a nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Hanyar ƙasa ba ta miƙe kamar zare ba, tana bin rijiyoyi da kasuwanni, don haka daga Kano zuwa Nilu ta haura kilomita 3,000.

Idan ayari yana cin kilomita 25 a yini, ba hutu ba ciwo, kilomita 3,000 za su ɗauki kwana 120, wato wata huɗu. Amma da wuya a sami wanda ya yi ta a haka. Talaka yakan fita da guzuri kaɗan, idan ya ƙare sai ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ko wanzanci ko koyar da allo, ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Damina takan tsayar da shi, haihuwa ko rashin lafiya ma haka. Shi ya sa tafiyar wata huɗu takan koma ta shekaru. Hausawa suna cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Tarihin garin Mai Wurno misali ne mai kyau. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas da jama'a masu yawa. An kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, Fulani da Hausawa, ba su sami zama a gaɓar Nilu Shuɗi ba sai a 1906. Shekara uku ke nan a hanya. Garin da suka kafa kudu da Sinnar shi ne yake ɗauke da sunansa har yau, kuma Mark Duffield ya rubuta littafi a kansa mai suna Maiurno a 1981.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban shirin noman auduga na Jazira, wato ƙasar da ke tsakanin Nilu Fari da Nilu Shuɗi. Gonakin suna bukatar hannu da yawa, musamman lokacin tsinkar auduga. Alhazan da suka iso da aljihu wayam sai suka sami aikin yi, suka kafa bukkoki a gefen gonaki, bukkoki suka zama ƙauyuka. Wasu sun tara kuɗi sun ƙarasa Makka, wasu sun je sun dawo sun zauna, wasu kuwa har suka mutu suna cewa a kan hanya suke. Irin waɗannan ne C. Bawa Yamba ya yi bayaninsu a littafinsa Permanent Pilgrims na 1995. A taƙaice, jinkirin tafiya ne ya haifi ƙauyukan Hausawa na Jazira. Da tafiyar ta awa huɗu ce tun farko, da babu dalilin yada zango.

Jirgin ƙasa da mota sun rage wahalar sannu a hankali. Layin dogo daga Hartum ya kai Wad Madani da Sinnar a 1909, ya kai Ubayyid wajen 1912, ya kai Nyala a 1959. A gefen Nijeriya kuwa ya kai Maiduguri a 1964. Tsakanin Maiduguri da Nyala babu dogo, manyan motoci ne suka cike giɓin, suka mai da tafiyar watanni ta koma ta makonni ga mai kuɗin mota.

5.0 Zuwan jirgin sama

Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano ta Sudan suka biyo. Jirage uku ne na sojan saman Ingila, a ƙarƙashin Arthur Coningham. Sun tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba 1925, suka bi ta Hartum da Darfur da Cadi, suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba. A watan Fabrairu 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano, yana sauka a Ubayyid da Fashir da Jinena da Abeshe da Ati da Fort Lamy da Maiduguri. Mai karatu zai ga cewa kusan zangunan alhazai ne jirgin ya bi, sai dai shi daga gabas ya faro. Dalili kuwa shi ne jiragen lokacin ba sa ɗaukar mai da yawa, saurinsu kuma kimanin kilomita 230 ne a awa. Da wannan sauri, kilomita 2,600 suna bukatar fiye da awa 11 a sama, ban da lokacin sauka da shan mai. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wannan hanya ce aka bi aka kai dubban jiragen yaƙi daga Takoradi ta ƙasar Gana ta yau zuwa Masar.

Jirgin fasinja na zamani yana cin kilomita 800 zuwa 850 a awa idan ya daidaita a sama. Amma ba da wannan sauri yake tashi ko sauka ba. Yakan yi tafiya a hankali a kan titi, ya jira izini, ya hau sama, ya kuma rage gudu idan zai sauko. Saboda haka hanya mai sauƙi ta ƙiyasi ita ce a raba nisa da sauri, sannan a ƙara kimanin rabin awa. Misali, 2,600 a raba da 830 ya ba da awa 3 da minti 10, a ƙara minti 30, ya zama awa 3 da minti 40. Kano zuwa Jidda kuwa, da irin wannan lissafi, awa 4 da rabi ne ko sama kaɗan.

Wannan ƙarin rabin awa ya fi nauyi a gajeriyar tafiya. Tsakanin Landan da Faris kilomita 340 ne kawai, amma jadawalin jirage yakan ba da fiye da awa ɗaya. Landan zuwa Istanbul ta ninka wannan nisa sau bakwai, lokacinta kuwa kusan awa huɗu ne. Haka abin yake tsakanin Fot Sudan da Jidda, inda kilomita 300 da ɗoriya suke cin kusan awa guda. Ninka nisa ba ya nufin ninka lokaci daidai wa daida.

Iska ma tana da tasiri. Idan tana bayan jirgi sai ta tura shi, idan tana gabansa sai ta rage masa sauri. A Turai iskar can sama daga yamma take busowa mafi yawan lokaci, don haka tafiya gabas ta fi sauri. A sararin Cadi da Sudan kuwa, da damina iskar can sama daga gabas take zuwa, sai mai dawowa Kano ya ci ribarta. Ban da wannan, hazon hunturu a Kano da guguwar ƙura da ake kira habub a Hartum sukan hana jirgi tashi ko sauka.

6.0 Bambancin agogo

Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya cikin minti huɗu. Tsakanin Kano da Mai Wurno akwai digiri 25, saboda haka rana takan take tsaka a Mai Wurno kimanin minti 100 kafin ta take a Kano. Da azumi, mutanen Mai Wurno sun daɗe da shan ruwa lokacin da na Kano suke jiran kiran magariba.

Agogon hukuma kuwa gwamnati ce take tsara shi. Nijeriya da Nijar da Cadi agogonsu ɗaya ne. Sudan tana gaba da su da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu. Daga shekarar 2000 zuwa 2017 Sudan ta tura agogonta gaba, ya yi daidai da na Saudiyya, sannan ta mai da shi baya ranar 1 ga Nuwamba 2017. Tikitin jirgi kullum da agogon garin da ake ciki yake magana. Jirgin da ya bar Kano da ƙarfe 10:00 na safe, ya yi awa 3 da minti 40, zai sauka Hartum da ƙarfe 2:40 na rana agogon can. Wanda ya bar Hartum da ƙarfe 10:00 zai sauka Kano da ƙarfe 12:40. Wanda bai san wannan ba zai zaci zuwa awa 4 da minti 40 ne, dawowa kuma awa 2 da minti 40, alhali duka ɗaya ne.

7.0 Daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida

Jirgi ba ya kai mutum ƙauye. A ce wani zai je ganin dangi a Mai Wurno a lokacin zaman lafiya, kafin 2023. Zai isa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano awa uku kafin tashi. Idan jirgin ya miƙe kai tsaye zai yi kusan awa huɗu a sama, idan kuma ya sauka Njamena, kamar yadda jiragen Sudan Airways sukan yi a lokacin, sai a ƙara awa ɗaya ko fiye. A Hartum duba fasfo da ɗaukar kaya da zuwa tashar mota za su ci awa biyu. Daga Hartum zuwa Wad Madani kimanin kilomita 190 ne a mota, zuwa Sinnar a ƙara kimanin 100, daga Sinnar zuwa Mai Wurno kuma 15. Kilomita 300 ke nan, waɗanda za su ci awa huɗu zuwa biyar. Jimla awa 13 ko 14. Wato kilomita 300 na ƙarshe sun fi kilomita 2,600 na farko cin lokaci.

Idan babu jirgin da ya miƙe, sai a bi ta wata ƙasa. Ta Adis Ababa nisan ya zama kimanin kilomita 4,300, ta Alƙahira kuma 4,700, ga jiran jirgi na biyu wanda yakan kai ga kwana a filin jirgi.

8.0 Lokacin da hanya ta sake tsawo

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Filin jirgin saman Hartum yana cikin wuraren da aka fara faɗa, aka rufe shi, aka kuma rufe sararin samaniyar ƙasar. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Hartum sai a motoci aka fitar da su zuwa iyakar Masar da Fot Sudan, suka yi kwanaki kafin su sami jirgi. Jiragen alhazan Nijeriya na wannan shekara tilas suka kewaye Sudan, abin da ya ƙara musu awoyi a sama da kuɗin mai.

A Disamba 2023 dakarun RSF suka shiga Wad Madani, a Yuni 2024 suka shiga Sinja. Dubban mutanen Jazira da Sinnar suka gudu, da yawa a ƙafa ko a amalanken jaki, suka nufi Gadarif da Kasala. Filin jirgin da ya rage yana aiki da ƙasashen waje a lokacin shi ne na Fot Sudan, wanda yake kimanin kilomita 1,000 daga Wad Madani ta hanyar Gadarif da Kasala. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Wad Madani a Janairu 2025, filin jirgin Hartum kuma a Maris 2025. A tsawon wannan lokaci mutanen yankin sun koma ƙirga tafiya da kwanaki da zanguna, yadda kakanninsu suka yi.

9.0 Kammalawa

An ga cewa nisan da ke tsakanin Kano da Mai Wurno kimanin kilomita 2,700 ne, haka yake a 1906, haka yake yau. Lokacin tafiya kuwa ya danganta da abin hawa, da guzuri, da yawan zango, da iska, da kuma zaman lafiyar ƙasashen da ke hanya. Jama'ar Mai Wurno sun yi shekara uku, ayari marar tsayawa zai yi wata huɗu, jirgin 1936 fiye da awa 11 a sama, jirgin zamani ƙasa da awa huɗu. Saboda haka idan ɗalibi ya ga an rubuta nisa da lokaci tsakanin filayen jirgi biyu, a Afirka ne ko a Turai, sai ya tambayi kansa abu uku: da wane agogo aka rubuta lokacin, jirgin zai miƙe ne ko zai yada zango, kuma kilomita nawa suka rage daga filin jirgi zuwa gidan da za a je.